Na musa wa mai gabatar da shiri ya katse mini waya: ni ne da laifi?

Tambayar ta zo ne daga wani matashin manomi a yankin Talata Mafara. Ya ce yana sauraron shirin kiran waya da dare, sai mai gabatarwa ya ce takin zamani na gwamnati ya isa kowace mazaɓa, alhali su a mazaɓarsu ko buhu ɗaya ba su gani ba. Ya sa kati ya kira, da aka ɗaga ya ce "wannan magana ƙarya ce", kafin ya ƙarasa aka katse shi. Washegari a majalisa kawunsa ya rufe shi da faɗa, wai ya ci mutuncin dattijo duniya tana ji. Yana son sanin ko laifi ne musa wa mai magana a rediyo, me ya sa ake katse mutane, kuma ko akwai inda zai kai kuka.

Ɗana, na daɗe ina zama a bayan gilashin nan da ke tsakanin mai gabatarwa da mai tsara shiri a wata tasha a Gusau, don haka maɓallin da aka danna aka katse ka na san shi, yatsana ya sha danna shi. Ba ka yi laifi ba da ka musa. Ka yi kuskure a wani wuri daban, kuma kawunka ya hango shi, ko da yake bai kira shi da sunansa ba.

Bari in fara nuna maka abin da ke gaban mutumin da kake jin muryarsa. Yawanci yakan shigo saura 'yan mintuna a fara. A hannunsa akwai sanarwar da jami'in yaɗa labarai na wata ma'aikata ya aiko, da kanun jaridu, da saƙonnin WhatsApp da bai gama karantawa ba. Bai je mazaɓarku ba. Mai yiwuwa bai taɓa taka ta ba. Abin da ya faɗa a kan taki, kusan tabbas daga takardar nan ya karanto shi, ya sa masa murya mai kauri da "alhamdulillahi" a gaba, shi ke nan ya zama kamar ya gani da idonsa. Kai da ka kwana uku kana zirga-zirga tsakanin gidan kansila da sakatariya ka fi shi sanin ko takin ya iso. Abin da ya fi ka da shi makirufo ne da maɓalli.

Mu Hausawa mun gaji wata yarda da rediyo wadda a da tana da dalili. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma iyayenmu sun taso idan aka ce "an faɗa a rediyo" to gardama ta ƙare. Amma abin da suka yarda da shi labarai ne, kuma labarai kafin su fita sai sun bi hannun wakili, sun bi hannun edita, an tambayi wa ya faɗa, an nemi ɗaya ɓangaren. Shirin hira da kiran waya ba ya bin wannan hanya. Kai tsaye yake fita daga bakin mutum zuwa kunnenka, babu matata a tsakani. Tasha ɗaya ce, wani lokaci ma murya ɗaya ce ke karanta labaran ƙarfe shida ta dawo ta gabatar da shirin ƙarfe tara, shi ya sa mai sauraro ke auna su da mudu ɗaya, alhali ba hatsi ɗaya ba ne.

Sai maganar kuɗi, wadda abokan aikina ba sa son a taɓa. Har zuwa 1992 gwamnati ce kaɗai ke da gidajen rediyo a Najeriya. A shekarar ne aka kafa hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta fara a Kano a 2003, daga nan tashoshin FM suka bazu har suka iso mu. Alheri ne babba, domin da babu su da ba ka ma sami lambar da za ka kira ba. Sai dai tasha tana shan man gas kamar raƙumi ya samu rijiya, ga albashi, ga kuɗin lasisi, kuma a garuruwanmu babu manyan kamfanonin da za su cika ta da talla. To me za ta sayar? Lokaci. Rabin awa, awa ɗaya, wata uku a jere. Mai saye kuwa galibi ɗan siyasa ne, ko ma'aikatar gwamnati, ko mai maganin gargajiya. Mutanen Kano suka raɗa wa masu cika irin wannan fili suna sojojin baka, kuma sunan ya dace. Ƙa'ida ita ce a sanar cewa an ɗauki nauyin shiri. Wasu na faɗa a farko da sauri kamar mai tsoron a ji, wasu kuma tsakanin mai gabatarwa ne da wanda ya sallame shi, tashar ma ba ta da labari. Ban ce mutuminka yana cikinsu ba, ban san shi ba. Amma duk shirin da ka saurara wata guda ba ka taɓa jin an ce gwamnati ta yi kuskure ba, ko kuma ba ka taɓa jin an ce ta yi daidai ba, to ka kasa kunne a farkonsa da ƙarshensa ka ji wa ake yi wa godiya.

Yanzu katsewar. A nan zan ɗan tsaya wa abokan aikina, domin ba kowace katsewa ce zalunci ba, musamman a Zamfara.

Ka ɗauka kana zaune inda nake zama. Waya biyu ce a kan tebur, duk suna haske. Ka ɗaga ɗaya, mutum ya yi sallama lafiya lau, ya gaishe da kowa, sai kawai ya ce wane ɗan wane na unguwa kaza infoma ne, shi ke kai wa 'yan bindiga labari. Ba ka san mai kiran ba, ba ka san wanda ya ambata ba. Ƙila gaskiya ne, ƙila kuma rikicin gona ne ko na neman aure. Amma a wannan jiha kalmar nan kaɗai ta isa a kwana babu mutum. Ko wani ya kira da murna ya ce yanzu motocin sojoji suka wuce ta garinsu sun nufi daji kaza. Ko wani da aka kashe wa ɗan'uwa ya kira yana kuka ya yi wa Fulani duka kuɗin goro, ko wani ya yi wa Hausawa. Waɗanda ke daji ma suna da rediyo. A irin wannan, mai tsara shirin da bai katse ba shi ne ya ci amana, kuma sakan biyu ko uku kawai yake da su ya yanke shawara. Tashoshi masu hali suna da na'urar da ke jinkirta murya na 'yan daƙiƙu kafin ta fita, ta yadda za a iya share ɓarna kafin a ji. Da yawa ba su da ita, sai yatsa.

Ga kuma doka. Duk abin da mai kira ya faɗa, tashar ce ke ɗaukar alhakinsa a wurin NBC, ba a cewa ai ba mu muka faɗa ba. A 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa NBC ba ta da hurumin cin tara, tunda ita ba kotu ba ce, amma tsoron bai fita daga zukatan masu tashoshi ba, domin lasisinsu yana hannunta. Saboda haka yaron da ke riƙe da waya an riga an gaya masa: da ka ji murya ta fara zafi, sauke. Kai kuma kalmar farko da ta fito daga bakinka ita ce "ƙarya". Shi bai san taki za ka ambata ba. A kunnensa, abin da ke biye da "ƙarya ce" zagi ne.

Wannan ne kuskurenka. Ka tafi da hujja a aljihu, amma ka fara miƙa hukunci. Kuma hukuncin ma bai sauka inda ya kamata ba, domin mai yiwuwa mutumin bai yi ƙarya ba, an ba shi takarda ne ya karanta bai bincika ba. Sakaci ne, kuma Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Amma idan ka kira shi maƙaryaci a gaban dubban masu sauraronsa, ka mayar da zancen taki zancen mutuncinsa, kuma babu wanda zai bar ka ka kayar da shi a cikin ɗakinsa da makirufonsa.

Ni ma na taɓa yin abin da aka yi maka, kuma ba don tsaro ba. Wata rana mai gabatarwa bai zo ba na zauna a kujerarsa. Na faɗi farashin buhun gero kamar yadda wani ya gaya mini da safe. Sai ga wani dattijo ya kira daga wajen Ƙaura Namoda, muryarsa a hankali, ya ce, "Malam, wanga farashi na wace kasuwa ne? Ni yau na wuni kasuwa, ban ga wanda ya sayar haka ba." Babu zagi, babu ɗaga murya. Na ji kunya ta rufe ni, na ce layin ba ya da kyau, na yi wa yaron alama ya sauke. Layin lafiyarsa ƙalau. Na faɗa maka wannan ne don ka san akwai katsewa ta uku bayan ta tsaro da ta doka, wato ta girman kai, kuma ita ce ta fi yawa a shirye-shiryen siyasa. Idan ka ji "layinka na da matsala" ta faɗo daidai lokacin da mai kira ya kawo tambaya mai nauyi, sau da yawa ba kamfanin waya ba ne. Amma ka lura da abin da dattijon nan ya yi mini. Duk wanda ke saurare ya ji tambayarsa ta fita cikakkiya, ya kuma ji ban amsa ba. Na katse shi, amma shi ya ci. Washegari sai da na gyara farashin, domin mai shayin ƙofar tasharmu ma sai da ya tambaye ni.

Da kai ne, ga yadda zan so ka yi. Ka rage muryar rediyonka kafin a ɗaga, domin ƙarar nan da ke dawowa ita kaɗai tana sa a sauke mutum. Ka yi sallama ka taƙaita gaisuwa. Masu kiranmu kan ƙone rabin katinsu wajen gaida Alhaji da iyali da abokan majalisa, lokacin da za su shiga magana an ce a ba wani dama. Ka ɗauka daƙiƙa arba'in kake da su. Sai ka ce: "Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga mazaɓa kaza. Na ji ka ce taki ya isa ko'ina. Mu har yau bai iso mu ba, na je wurin kansila ranar Litinin ya ce shi ma bai gani ba. Don Allah wa ya ba ku labarin, kuma za ku taimaka ku tambayar mana shi inda namu ya tsaya?" Ka ga ba ka janye ko kalma ɗaya daga gaskiyarka ba. Ka faɗi wuri, ka faɗi rana, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya a nan ba ka ce an sace ba tunda ba ka ga wanda ya sata ba. Sannan ka bar masa ƙofar fita da mutuncinsa, ya zama mai bin haƙƙinku. Mai gabatarwa mai wayo zai cafke wannan da hannu biyu, domin ka ba shi shirin mako mai zuwa kyauta. Wanda aka saya kuwa zai yi ta kame-kame, jama'a na ji.

Tambayar "wa ya ba ku labarin" ita ce wadda na fi so masu sauraro su koya. Ba ta da kaifi, amma ba ta da maganin kaucewa. Idan amsar ita ce "sanarwar ma'aikata", to kowa ya gane wanda ya raba takin ne ke ba kansa shaida.

Game da kawunka, kada ka yi jayayya da shi a majalisa. Ka same shi shi kaɗai ka ce, "Kawu, na yarda lafazina bai yi kyau ba." Gaskiya ce, kuma za ta sanyaya masa rai. Amma girmama babba bai taɓa nufin gaskata duk abin da ya faɗa ba, kuma ba daga Turawa muka koyo wannan ba. An ruwaito Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, yana cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, in ban da ma'abocin wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah (SAW). Idan ana mayar wa Malik magana, ina ga mai karanta sanarwar ma'aikata? Ko ta fuskar tsarin mulkin 1999, sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayinka, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Wato aikin mutumin nan shi ne ya ɗauki tambayarka ya kai wa kwamishina. Idan ya ɗauko maganar kwamishina ya toshe bakinka da ita, ya juya wa aikinsa baya.

Akwai ma inda yin shiru ne laifin. Shirye-shiryen masu magani da ake sayen fili, inda mutum zai ce garinsa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon hanta da rashin haihuwa duk a ƙulli ɗaya, mai gabatarwa na gefe yana "Allahu Akbar, ikon Allah". Sai a ce ai yana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Lambar da hukumar ke ba yawancin magungunan gargajiya tana nuna an duba ba a ga cutarwa ba ne, ba shaidar yana warkarwa ba ce, shi ya sa a jikin kwalin ake rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda muryar da ya yarda da ita, ƙafarsa ko idonsa ne a kan layi. Wanda ya san haka ya kira ya tambaya cikin ladabi, ya yi aikin lada, ko an katse shi.

Inda za ka kai kuka kuwa, ka fara da tashar kanta, kuma a rubuce. Kiran waya iska ne, takarda kuwa sai an ajiye ta a fayil, kuma manaja ba ya son fayil da ke da sunan tasharsa a ciki. Ka rubuta wa shugaban sashen shirye-shirye: sunan shirin, rana, lokaci, abin da aka faɗa, abin da kuka gani a ƙasa, da abin da kake nema, wato a gyara ko a ba ku dama ku yi bayani. Ƙa'idojin NBC sun tanadi haƙƙin mayar da martani, sun kuma wajabta wa tasha ajiye kwafin abin da ta watsa na wani lokaci, don haka kada ka bari wata ya juya. Idan manoma goma na mazaɓarku suka sa hannu, takardar ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Idan tasha ta yi biris, sai ka rubuta wa NBC ka haɗa da kwafin ta farko. Ba na yi maka alkawarin za su tashi tsaye a kan taki, amma tashar za ta ji cewa ka san hanya.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka hau Facebook cikin fushi ka sa hoton mutumin ka kira shi ɓarawo ko ɗan kwangila. Ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code, sashe na 391 da 392, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuma an sha kama matasa da shi, ko da yake an rage faɗinsa a gyaran 2024. Za ka wayi gari ana maganar belinka, an manta da taki. Ka rubuta abin da ya faɗa da abin da ka gani, ka tsaya.

Kuma kada haushi ya kai ka ga cewa gara a rufe tashar. Mun ga yadda wannan yake. A watan Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu kafafe a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP a lokacin da gwamnati ta hana tarukan siyasa. NBC ta fito ta ce gwamnatin jiha ba ta da wannan iko, daga baya aka janye umarnin. Ko wane ɓangare kake, hannun da ya rufe tashar da ba ka so yau shi zai rufe wadda kake so gobe. Ka kuma tuna watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a jihar nan gaba ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. Babu kira, babu WhatsApp, mai son gaida ɗan'uwa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. Ƙaramin rediyon nan mai batir shi ne ya rage wa mutanen karkara. A watannin nan shirye-shiryen kiran waya sun zama mutum ɗaya yana magana shi kaɗai a ɗaki, babu mai ce masa a'a, kuma duk wanda ya yi aikin ya san babu daɗi. Masu kira irinka su ne idon tasha a inda ba ta da wakili.

Mako mai zuwa ka sake kira, kada ka yi zuciya. Kafin nan ka zagaya unguwanni biyu ko uku na mazaɓarku ka tabbatar babu inda aka sauke takin ba ka sani ba, domin idan ya zamana an kai wani ƙauye an raba, gara ka ji daga bakin maƙwabta da ka ji a rediyo. Takardar kuwa ka yi ta kwafi biyu, ka kai da safe a ranar aiki, ka sa a buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da ita gida. Idan kawu zai yarda ya raka ka Gusau, ka biya masa kuɗin mota ku tafi tare. Ya san mai gadi, ko ya san wanda ya san shi, kuma a hanya za ku gama shiryawa.